SHARHI: Tsanin da Vijay Singh ya taka a Legas, da dalilin da ya sa yaron Gumel ba zai same shi ba

Bahaushe ya raɗa wa wasan golf suna ƙwallon lambu, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna nisan da ke tsakanin wasan da ƙasar Gumel. Lambu ruwa yake so. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara kuwa rairayi ne da hunturu da bazara. Manomin da ke lissafin ranar da zai shuka gero da riɗi, idan aka ce masa akwai inda ake shayar da ciyawa safe da yamma don kawai a gangara ƙwallo a kanta, zai ɗauka zolaya ce.

Sai dai tarihin wasan a Najeriya ya saɓa wa wannan hoto. Babbar gasar da ƙasar ta taɓa shiryawa, wato Nigerian Open da aka riƙa yi a filin Ikoyi na Legas tun daga ƙarshen shekarun 1960, ta yi shekaru ana buga ta ba tare da lallausar ciyawa a bakin rami ba. Rairayi ake cakuɗawa da mai, a daddaɓe shi, a share shi bayan kowane ɗan wasa ya wuce. A kan irin wannan rairayin ne wani Baturen Ingila, Peter Tupling, ya kammala ramuka 72 da bugu 255 a shekarar 1981, adadin da ya zama tarihi a duniya a lokacin. Filayen Arewa da aka gada daga zamanin Turawan mulkin mallaka, irin na Kano da Kaduna da Zariya, su ma da wannan dabara suka rayu. Ashe ƙarancin ruwa bai hana a yi wasan a ƙasar nan ba. Abin da ya hana Najeriya fitar da zakaran duniya yana wani wuri dabam, kuma hanya mafi sauƙi ta gano shi ita ce a bi sawun wani mutum da ya ratsa ta Legas a kan hanyarsa ta zuwa ƙololuwa.

An haifi Vijay Singh a 1963 a Lautoka da ke tsibirin Fiji, ƙasar da yawan mutanenta bai kai miliyan ɗaya ba. Mahaifinsa ma'aikacin gyaran jiragen sama ne, shi ne kuma ya fara koya masa riƙon sanda. Ya zama ƙwararre yana matashi, amma a 1985 aka dakatar da shi daga gasannin nahiyar Asiya bisa zargin sauya makin da ke takardarsa, zargin da ya daɗe yana musantawa. Ƙofa ta rufe. Ya koma tsibirin Borneo yana koyar da wasan a wani ƙaramin kulob, yana tara abin da ya samu. Da guzurin ya ɗan taru, sai ya nufo Afirka, inda ake da jerin gasannin da ake kira Safari, waɗanda ke zagayawa tsakanin Najeriya da Kwaddibuwa da Kenya da Zambiya da Zimbabuwe a watannin da sanyi ke hana wasa a Turai.

A 1988 ya lashe Nigerian Open. Ya dawo a 1989 ya sake lashewa. A wannan tsakanin ya samu katin shiga gasannin Turai, ya ci kofinsa na farko a can a ƙasar Italiya, ya tsallaka Amurka a 1993. Sauran labarin masu bin wasan sun san shi: kofin PGA a 1998, kofin Masters a 2000, sannan shekarar 2004 da ya ci gasa tara a Amurka, ya tara sama da dala miliyan 10 a kaka ɗaya, ya sauke Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya bayan Woods ya shafe makonni 264 a jere a kai.

Ba shi kaɗai ne ya sha daga wannan rijiya ba. Lee Elder, baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a 1975, ya ci kofin Legas tun a 1971. Sandy Lyle ɗan Sikotland a Legas ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a 1978, kafin ya ɗauki Open ta Birtaniya a 1985 da Masters a 1988. Mutum uku, daga nahiyoyi uku, kowannensu ya iso Najeriya bai kai inda za shi ba, ya taka tsani ya haye. Cikin 'yan gida, wanda ya fi yin nisa a wancan zamani shi ne Peter Akakasiaka, wanda ya kai ga buga Open ta Birtaniya a 1988.

Daga nan tsanin ya fara karkacewa. A farkon shekarun 1990 aka haɗe gasannin Safari cikin rukuni na biyu na gasannin Turai, ba a jima ba kuma sunan Najeriya ya fita daga jadawalin. Zamani ne na soke zaɓen 12 ga Yuni da takunkumi da faɗuwar naira, kamfanonin da ke ɗaukar nauyi suka ja da baya. Kenya, wadda ta fara tata gasar a 1967, ba ta saki ba. Ta riƙe ta cikin wuya da daɗi, gwamnati ta ɗauke ta a matsayin tallar yawon buɗe ido, har a 2019 aka ɗaga ta zuwa babban rukunin Turai. Yau ɗan Najeriyar da ke son gwada kansa da manya sai ya sayi tikitin Nairobi ko Johannesburg.

Yadda lissafin yake

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa yakan yi kuskuren fahimtar rayuwar ƙwararren ɗan ƙwallon lambu. Ɗan wasan Jigawa Golden Stars yana da kulob, yana da yarjejeniya, yana da motar da za ta kai shi fili, ko da albashin zai makara. Ɗan ƙwallon lambu kuwa ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, kuma hajarsa jikinsa ne. Shi zai biya kuɗin jirgi da biza da masauki da kuɗin rajista, shi zai sallami mai ɗaukar masa jaka. Gasa kwana huɗu ce, ramuka 18 kowace rana. Bayan kwana biyu sai a yi tankaɗe da rairaya: a babban rukunin Turai mutum 65 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da su ne ke ci gaba, sauran, kusan rabin 'yan wasan, su tattara komatsansu su tafi ba tare da kason kuɗin gasar ba. Mutum zai iya yin wasa mai kyau, bugu ɗaya ya raba shi da tsallakewa, ya koma gida da bashi. Idan hakan ta faru sau huɗu a jere, jarin talaka ya ƙare.

Kafin ma a kai ga nan sai an samu katin shiga. Hanyar da aka fi sani ita ce gasar share fage mai matakai, wadda zagayenta na ƙarshe ake yi a Sifaniya tsawon kwana shida, ɗaruruwa su shiga, 'yan ƙalilan su fito da kati. Da yuro ake biyan komai. Tun da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a kan kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 cikin shekarar 2024. Ma'ana, ɗan wasan da ke cin kyautarsa da naira a gasannin cikin gida ya wayi gari kuɗin tafiyarsa ya ninka sau uku, kyautar kuwa ba ta bi sahu ba.

Sai batun maki. Tun 1986 ake da jadawalin duniya da ke jera 'yan wasa bisa makin da suka tara cikin shekara biyu, kuma gasannin da hukumar jadawalin ta amince da su ne kaɗai ke bayar da maki. Da wannan jadawali ake shiga manyan gasanni, da shi kuma ake zuwa Olamfik, inda aka dawo da wasan a birnin Rio a 2016 bayan rabuwa da shi tun 1904. Gurbi 60 ne na maza, 60 na mata. Afirka ta Kudu ta je, Maroko ta je, Zimbabuwe ta je. Najeriya ba ta samu gurbi a Rio ba, ba ta samu a Tokyo ba, ba ta samu a Paris ba. Ɗan wasa zai iya cin kofin gwamna da kofin sarki da kofin shugaban banki a shekara guda, jaridu su kira shi zakara, amma a idon jadawalin duniya kamar bai fita daga gida ba.

Andrew Oche Odoh, wanda ya daɗe ana lissafa shi a sahun gaba na ƙwararrun Najeriya daga filin IBB na Abuja, ya fahimci haka, shi ya sa ya riƙa fita neman gasa a Afirka ta Kudu da Kenya. Sunday Olapade ma gabashin Afirka ya fuskanta. A ɓangaren mata, Georgia Oboh ta wakilci Najeriya a Olamfik ɗin matasa a Buenos Aires a 2018, ta kuma kai ga gasannin mata na Turai. Amma akwai abin lura a tarihinta: a Manchester aka haife ta, tsarin Ingila ne ya fara renonta. Tutar ta Najeriya ce, tsanin na wasu ne.

Filin Dutse da tambayar da ya bari

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan zance, kuma dalilin mutum ɗaya ne. Marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi karatu a Amurka kuma ya hau gadon sarauta a 1995, mai son wasan ne na gaske. Ya gina filin ƙwallon lambu a gefen birnin Dutse, ya cika shi da itatuwa, ya mayar da shi wurin da 'yan wasa daga sassan ƙasar ke zuwa. A jihar da hamada ke cin arewacinta, aikin ya nuna cewa ana iya raya fili irin wannan idan akwai mai tsayawa a kansa. Sarkin ya rasu a ƙarshen watan Janairun 2023, ɗansa Hamim Nuhu Sanusi ya gaje shi.

Abin da ke ginuwa kan sha'awar mutum ɗaya yakan shiga gwaji ranar da mutumin ya kau. Haka lamarin yake a Otukpo ta jihar Binuwai, inda tsohon shugaban Majalisar Dattawa David Mark ya gina nasa filin. Kusan duk inda wasan ya yi ƙarfi a Najeriya, idan aka tona, za a tarar da wani babban mutum a gindinsa: janar, ko sarki, ko gwamna, ko shugaban kamfani. Filin Abuja ma sunan Janar Ibrahim Babangida yake ɗauke da shi. Wannan ne ya sa matasa da dama ke kallon wasan a matsayin majalisar manya, wurin da ake ƙulla kwangila da raba muƙami tsakanin rami na tara da na goma. Zargin bai rasa ƙamshin gaskiya ba.

Amma wanda ya tsaya a nan ya ga rabin filin ne kawai. Bayan kowane mai babbar riga akwai yaro ɗauke da jaka mai sanduna har 14, yana tafiyar kilomitoci a rana, yana nuna wa maigida inda iska ta dosa da sandar da ta dace. Waɗannan yara, da ake kira kadi a bakin 'yan fili, su ne asalin makarantar wasan a Najeriya. Da yamma idan manya sun watse, sukan ɗauki tsohuwar sandar da wani ya yar su yi ta gwadawa. Galibin ƙwararrun ƙasar daga cikinsu suka fito, 'ya'yan talakawa ne daga unguwannin da ke maƙwabtaka da filayen. Wasan na masu kuɗi ne, gwanintar kuwa sau da yawa tana hannun mai ɗaukar jaka, kuma shi ne wanda ba shi da kuɗin jirgi.

To, ina yaron Gumel a wannan hoto? Ko matakin farko bai samu ba. Ɗan ɗaukar jaka sai ya kasance maƙwabcin fili, yana iya zuwa da ƙafa bayan an tashi daga makaranta. Fili mafi kusa da Lautai yana Dutse ko Kano, tafiyar awanni a mota. Yaron da ke da ido da hannun da za su iya kai shi Nairobi zai girma a Maigatari yana kora shanu zuwa kara ranar Alhamis, bai taɓa riƙe sandar ba, babu kuma wanda zai san an yi asara.

Amsar da ɗan siyasa zai fi so a nan ita ce a gina wa masarautar Gumel nata filin. A kafa harsashi, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Amsa ce mai tsada, kuma tana da haɗari. Cikakken fili yana cin hekta da dama, a yankin da batun ƙasar noma ba abin wasa ba ne. Mutanen Gagarawa da Sule Tankarkar ba su manta da taƙaddamar da ta tashi a zamanin Gwamna Badaru Abubakar ba, lokacin da aka ware dubban hektoci don noman rake, manoma suka yi ta kokawa kan gonakin gado da diyya. Ƙwararren da zai yi gogayya a waje kuma yana buƙatar saba wa bugu a kan ciyawa, domin zamanin gasar duniya a kan rairayi ya wuce, ciyawa kuwa ruwa take sha a garuruwan da mata ke layi a bakin famfo. Gwamnatin da ta fifita wannan a kan rufin ajin firamare ta cancanci duk sukar da za ta sha.

Darasin da ya fi kusa yana tsallaken iyaka. Daga Maigatari, taku kaɗan ne zuwa Jamhuriyar Nijar, inda tun 1975 ake gasar kokawar gargajiya ta cin takobi. Abin da ya sa gasar ta yi ƙarko tsari ne da kowa ya sani: ɗan kokawa ya fara daga ƙauye, ya fito a gunduma, ya shiga tawagar jiharsa, jihohi takwas su haɗu a gari ɗaya, ƙasa gaba ɗaya ta zuba ido. Yaron da ke kallon Issaka Issaka na Dosso a talabijin ya san matakin da zai fara takawa gobe da safe. Nijar ba ta fi Najeriya arziki ba. Matakan ne ta jera, ta kuma riƙe su shekara da shekaru ko da gwamnati ta sauya.

Wannan kwatanci yana yanka ta gefe biyu, kuma adalci ne a faɗa. Mai cewa a bar ƙwallon lambu wa masu shi, a zuba kuɗin jama'a a dambe da kokawa da langa da ƙwallon ƙafa, inda dubban matasan Jigawa suka riga suka taru, yana da hujja mai ƙarfi. Naira ɗaya a dandalin kokawa ta fi taɓa rayuka fiye da naira ɗaya a filin ciyawa. Inda hujjar ta yi rauni shi ne zaton cewa a yanzu kuɗin jama'a ba ya shiga wasan. Yana shiga. Hukumomin gwamnati da bankuna suna ɗaukar nauyin gasanni, har Babban Bankin Najeriya yana da kofin da ake bugawa da sunan gwamnansa. Tambayar da ta dace matasa su riƙa yi ita ce nawa ne daga cikin wannan kuɗi ke tafiya ga liyafa da kyaututtukan manyan baƙi masu wasan nishaɗi, nawa ne kuma ke kai ƙwararre ɗaya gasar share fage a Sifaniya ko Afirka ta Kudu. Rabon da ake yi tsakanin waɗannan biyu shi ne ainihin siyasar wasan.

Duniya kuwa ba ta jira. Tun 2022 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya kafa gasar LIV, ya janye taurari irin su Jon Rahm da kuɗin da ba a taɓa jin irinsu ba, ya tilasta wa Amurkawa ƙara kyaututtukansu. Dukiya ta taru a saman bishiya fiye da kowane lokaci. Amma ruwan da ya cika tulun na sama bai gangaro ga na ƙasa ba, kuma wanda ba shi da maki ba ya cikin waɗanda ake zawarci.

A watan Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni, ya mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, watanni kaɗan bayan tawagar Najeriya ta dawo daga Paris ba tare da lambar yabo ko ɗaya ba. Idan hukumar da Tarayyar Ƙwallon Lambu ta Najeriya suna neman ma'aunin da za a auna su da shi a wannan fanni, ba sai an yi nisa ba: ko akwai gasa mai bayar da makin duniya da ake yi a ƙasar kowace shekara ba fashi, ko babu. Ita ce abin da Legas ta taɓa bai wa Singh, ita ce abin da Nairobi ke bai wa 'yan Kenya a yau. A matakin jiha, abin da ke hannun gwamnatin Umar Namadi ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Filin Dutse yana nan. Makarantun kwana na gwamnati suna nan a masarautu biyar na jihar, Kwalejin Ilimi ta Gumel tana yaye malamai kowace shekara. Koyon bugun farko ba ya buƙatar lambu. Fili ne fetal da raga da tsofaffin sanduna, abin da ƙasar Gumel ba ta rasa na farkonsa ba. Yarjejeniya a rubuce tsakanin jiha da masu kula da filin Dutse, wadda za ta ware wa ɗaliban da suka nuna alama wasu makonni a lokacin hutu, za ta mayar da abin da sha'awar sarki ta gina ya zama haƙƙin da ba ya mutuwa da kowa.

Za a buga ƙwallon lambu na Olamfik ɗin 2028 a filin Riviera da ke Los Angeles, an kuma ƙara gasar haɗin gwiwar maza da mata. Idan aka bi tsarin da aka saba, makin shekara biyun da suka gabaci gasar ne za su raba gurabe, wato lissafin zai kama daga tsakiyar 2026. Ga yaron Gumel wannan zango ya riga ya wuce. Ko yau aka miƙa masa sanda, shekara goma ce a gabansa kafin a fara maganarsa. Vijay Singh ya fara ɗaga kofi a Ikoyi a 1988, kuma sai da ya ƙara shekara 16 kafin ya zama na ɗaya a duniya.